Awon Tsoro a Lokacin Annoba: Ma'auni da Matsalar Harshe

Gabatarwa

Duk abin da ake son a san yawansa yana da irin ma'auninsa. Hatsi mudu ake sa masa, yadi a gwada shi da kamu, zafin jiki kuwa likita ya auna shi da tsinken awo. To, amma da me za a auna tsoro, abin da ke ɓoye cikin zuciya? Wannan tambaya ta taso wa masana halayyar ɗan Adam gadan-gadan a shekarar 2020, lokacin da cutar korona, wadda ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, ta game duniya. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda suka yi awon, sa'an nan ta nuna cewa ingancinsa ya rataya ne a wuyan harshen da aka yi tambaya da shi.

Dalilin Awon Tsoro

Tsoron cuta fuska biyu gare shi. Idan ya yi ƙaranci, mutane sukan yi sakaci da rigakafi. Idan kuma ya wuce kima, yakan hana barci, ya sa a ƙyamaci majinyaci, ya sa mai ciwo ya ɓoye ciwonsa har ya shafa wa iyalinsa. Wani bincike da Craig Harper da abokan aikinsa suka yi a 2020 ya nuna cewa waɗanda suka fi tsoron korona su ne suka fi kiyaye wanke hannu da nisantar taro. Ke nan hukumar lafiya tana bukatar ta san inda jama'arta suka tsaya, don ta san ko gargaɗi za ta ƙara, ko kuwa hankali za ta kwantar.

Yadda Aka Gina Ma'aunin

A ran 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Kafin watan ya ƙare, Daniel Ahorsu da Amir Pakpour da Mark Griffiths da wasu abokan aikinsu sun fito da abin da suka kira ma'aunin tsoron korona. Sun fara da tattara maganganu masu yawa daga ma'aunan tsoro da ake da su tuntuni, suka miƙa wa ƙwararru a fannin lafiya suka tace, sa'an nan suka gwada abin da ya rage a kan mutum 717 a ƙasar Iran. Daga ƙarshe maganganu 7 suka tsira.

Huɗu daga cikinsu sun shafi abin da ke cikin rai: tsananin tsoron cutar, da rashin sukuni in an tuna ta, da tsoron rasa rai saboda ita, da tashin hankali in an ga labarinta. Sauran ukun sun shafi jiki: gumin tafin hannu, da rashin barci, da bugawar zuciya. Ana karanta kowace magana, sai mutum ya zaɓi ɗaya daga matakai biyar, tun daga ƙin yarda sam har zuwa yarda ƙwarai. Wannan tsari Rensis Likert ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1932. Matakin ƙasa maki 1 ne, na sama maki 5, saboda haka jimillar mutum ba ta kasa 7, ba ta kuma wuce 35. Gwargwadon yawan maki, gwargwadon yawan tsoro.

A shekarar kuma Sherman Lee ya fito da wani ma'auni a Amurka mai tambayoyi 5, wanda ya karkata ga jiki: jiri, da rashin barci, da sandarewa, da rashin son abinci, da tashin zuciya, cikin mako biyun da suka gabata. Kamar dai ya bi maganar Bahaushe ce da ya ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Gwajin Inganci

Ba a amincewa da ma'auni sai ya ci jarrabawa biyu. Ta farko ita ce daidaito. Mudun da ke ba da awo ɗaya da safe, ya ba da wani da yamma, ba mudu ba ne. Akan duba ko maganganun bakwai suna tafiya tare, watau wanda ya yarda da ɗaya yakan yarda da sauran. Lissafin da Lee Cronbach ya bayyana a 1951 shi ake amfani da shi, kuma ma'aunin Iran ya sami 0.82, alhali abin da ya haura 0.70 galibi ana karɓarsa. Jarrabawa ta biyu ita ce sahihanci: shin abin da aka ce ana aunawa shi ake aunawa? Mudu yana iya cika fal, amma da ƙaiƙayi. Don haka aka kwatanta makin mutane da na wasu ma'aunan damuwa da aka riga aka amince da su, aka tarar suna hawa da sauka tare.

Matsalar Harshe da Al'ada

Cikin 'yan watanni aka juya ma'aunin zuwa harsuna da yawa, har da Larabci da Italiyanci da Turkanci da Ibrananci. Hanyar da aka saba bi ita ce wadda Richard Brislin ya bayyana a 1970: wani ya fassara, wani dabam da bai ga asalin ba ya mai da fassarar zuwa harshen farko, a kwatanta biyun. Duk da haka sakamako bai zo iri ɗaya ba. A Iran maganganun sun nuna abu guda suke aunawa, a Isra'ila kuwa sun rabu gida biyu, na rai da na jiki.

A nan ne ɗalibin Hausa ya kamata ya buɗe ido. Da za a ba shi aikin, wace kalma zai ɗauka? Muna da tsoro, da fargaba, da firgita, da razana, da zulumi. Fargaba ta abin da ake jiran aukuwarsa ce, firgita da razana na abin da ya faɗo kwatsam ne, zulumi kuwa saƙe-saƙen zuci ne mai daɗewa. Wanda ya musa cewa yana tsoro yana iya yarda cewa yana fargaba. Haka nan bugawar zuciya: Bahaushe cewa yake gabansa ya faɗi, in kuwa aka tambaye shi ko zuciyarsa na bugawa, yana iya zaton ciwon zuciya ake nufi.

Bayan kalma sai al'ada. Magidancin da aka rena a kan jarumtaka, da wuya ya faɗa wa baƙo cewa shi matsoraci ne. Binciken ƙasashe da yawa ya nuna makin mata ya fi na maza, amma lissafi kaɗai ba ya rarrabe tsakanin wanda ya fi jin tsoro da wanda ya fi yarda ya faɗa. Sai kuma tambayar tsoron rasa rai. Musulmin da ya yi imani da ajali yana iya amsawa da cewa rai na Allah ne, a rubuta masa maki 1, alhali kuwa ya kwana bai runtsa ba saboda tarin da ɗansa ke yi. Daɗin daɗawa, saboda kulle, yawancin binciken 2020 ta intanet aka yi shi. Wanda ba shi da waya, ko ba ya karatun boko, ba a ji ta bakinsa ba.

Kammalawa

A ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa da ta ba korona, amma kwalara da sanƙarau da zazzaɓin Lasa ba su daina ziyartarmu ba. Ma'aunin tsoro kayan aiki ne mai amfani, muddin an tuna cewa furucin baki yake aunawa. Idan kalmar da aka zaɓa ta kauce, lissafin da aka ɗora a kanta ya kauce, shawarar hukuma ma ta bi sahu. Saboda haka gina irin wannan ma'auni da Hausa aiki ne da ya wajaba likita da masanin halayya da masanin harshe su zauna a tabarma ɗaya su yi shi, tun annoba ta gaba ba ta ƙwanƙwasa ƙofa ba.