Kalmomin Faɗa da Yadda Ake Amfani da Su

Ya kai ɗalibi, Hausa tana da kalmomi da yawa na faɗa, kuma kowace da muhallinta.

Ka fara lura da kalmar faɗa kanta. Idan ka ce, "Malam ya yi mini faɗa," kana nufin ya tsawata maka. Amma idan ka ce, "Na yi faɗa da Malam," ka shaida wa jama'a cewa ka yi rashin kunya. Ka ga ɗan kuskure yana iya zubar maka da mutunci.

Cacar baki ita ce musayar zafafan maganganu. Idan abin ya kai ga duka, sai a ce an ba hammata iska, ko an yi ba-ta-kashi. Idan mutane da yawa suka kaure da doke-doke a tasha ko kasuwa, har aka rasa mai rabawa, wannan hatsaniya ce ko hargitsi. Tarzoma kuwa boren jama'a ne, kamar wanda matan Aba suka yi a shekarar 1929 saboda haraji.

Kada ka haɗa waɗannan da dambe da kokawa, domin su wasannin gargajiya ne masu ƙa'ida. Sai dai akan ce yara sun kaure da dambe, alhali faɗa suke yi.

Aiki: Rubuta jimla ɗaya da kowace kalma: hatsaniya, tarzoma, cacar baki.