Garejin gida a Hajj Abdalla: Inuwa kafin fanka, fanka kafin iyakwandishan

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Wad Madani zuwa Sinnar a ƙasar Sudan ya san garin Hajj Abdalla, domin kusan a tsakiyar tafiyar yake, a gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, wato reshen kogin da ke gangarowa daga Habasha. Yankin na daga cikin wuraren da Hausawa suka daɗe da kafa gida. Wasu jikokin maniyyata ne da suka bi ta ƙasa da niyyar Makka, suka tsaya neman guzuri, zama ya kama su. Wasu kuma zuri'ar waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gandun noman Jazira, sai aikin auduga ya ƙara jawo jama'a.

Gandun da ya haura hekta 800,000 ba ya tafiya sai da inji. Akwai taraktoci, da injinan ban-ruwa, da a-kori-kura, da keke mai ƙafa uku da ake kira raksha, ga kuma tsofaffin motocin Bedford da mutanen Sudan suka yi wa laƙabi da sifinja. Duk waɗannan suna buƙatar bakanike, kuma ba kowane bakanike ne ke da halin kama shago a unguwar masana'antu ta Wad Madani ba. Da yawa a ƙofar gida suke aiki, ko a wani sashe na tsakar gida, a ƙarƙashin rumfar kwano. A can ana kiran wannan wuri warsha, mu kuma mu ce gareji.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya iso Jazira a watan Disambar wannan shekara, lokacin da dakarun RSF suka kama Wad Madani. Sojojin gwamnati sun karɓe Hajj Abdalla a farkon Janairun 2025, sannan suka shiga Wad Madani ranar 11 ga watan. A tsakanin nan an kwashe motoci da taraktoci da kayan aiki a faɗin jihar, an kuma farfasa taransifomomi da wayoyin lantarki domin jan ƙarfen da ke cikinsu. Haka kuma tashar lantarki ta madatsar Marawi, wadda aka buɗe a 2009 da ƙarfin megawat 1,250, ta sha harin jirage marasa matuƙa a Janairu da Afrilun 2025. Ga kuɗin ƙasar ya karye: kafin yaƙin dala ɗaya wajen fam 600 take, amma a 2025 ta haura fam 2,500 a kasuwar bayan fage.

To, bakaniken da ya koma gida bayan irin wannan ɓarna, da ɗan kuɗin da 'yan uwa suka aiko masa daga Saudiyya, da me zai fara? Tambayar ta shafi ɗan kasuwa kai tsaye, domin shi ne zai zuba jarinsa a kayan da bakaniken zai saya ko ya ƙi saye.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, aikin gareji a Jazira ya fi yawa ne daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. Ana shuka gyaɗa da dawa da auduga a Yuni da Yuli, don haka gyaran tarakta da garma yana faɗowa ne a Afrilu da Mayu, watannin da zafin rana ke wuce digiri 40 kusan kullum. A irin wannan lokaci kwanon rufi kan yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, kuma zafin nan yana sauka ne kai tsaye a kan wanda ke ƙarƙashinsa. Sifana ma sai an sa tsumma a ɗauke ta.

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, su ruga sayen fanka. Fanka ba ta sanyaya iska, tana kaɗa wadda ta samu ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar a yi amfani da ita ne idan zafi bai kai digiri 40 ba, domin in ya wuce haka sai ta koma tana hura wa jiki zafi. Wanda ya rataya fanka a ƙarƙashin gajeren kwano da tsakar ranar Mayu, ya sayi abin da zai riƙa turo masa hucin kwanon ne a ka.

Saboda haka kuɗin farko na rufi ne. A ɗaga shi ya kai mita uku da rabi ko huɗu, a bar tazara tsakanin bango da kwano domin iska mai zafi ta samu hanyar fita, tunda sama take hawa. A shafa wa bayan kwanon farin fenti, ko farar ƙasa in fenti ya yi tsada. Wanda ya samu hali ya yi rufi biyu da tazarar taƙi guda a tsakaninsu, zai ji bambancin a ranar farko. Mutanen yankin sun san amfanin rumfar ciyawa da suke kira rakuba, kuma babu kwanon da ya kai ta sanyi, sai dai a ajiye ta can gefen da masu mota ke zaman jira, nesa da wurin walda da fetur. Ƙofofi kuma su kalli arewa da kudu, domin a lokacin rani iska daga arewa take zuwa, da damina kuma ta juyo daga kudu maso yamma.

Bayan inuwa sai haske, kuma a ganina nan ne ƙaramin kuɗi ya fi yin aiki. Bakaniken da ke da fitila mai kyau yana iya ajiye sifana daga azahar zuwa la'asar, ya rama aikin bayan magariba da kuma asuba. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 100 yana ƙone yawancin wutar da yake ci ne wajen yin zafi, alhali ƙwan LED mai wat 15 yana ba da haske kwatankwacinsa. Amma ƙwai ɗaya mai ƙarfi a tsakiyar rufi ba dabara ba ce, domin da zarar mutum ya sunkuya cikin inji sai inuwar kansa ta rufe abin da yake dubawa. Gara dogayen fitilu huɗu ko shida a jere ta gefe da gefen inda mota ke tsayawa, da guda a kan teburin aiki, da kuma ta hannu mai maganaɗisu wadda za a manna a jikin mota. A shafe bangon ciki da farar ƙasa, hasken zai ƙaru ba tare da an ƙara ko wat ɗaya ba.

A ramin duba mota kuwa, kada a kuskura a saukar da wayar wutar gari mai bolt 230. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ramin yake taruwa, tartsatsi ɗaya ya isa. Fitila mai bolt 12 da ke cikin rufaffen gida ita ce ta wurin.

Sai a zo kan fanka. Ta rufi irin wadda aka saba tana cin wat 60 zuwa 75, ta tsaye mai aiki da batir kai tsaye kuma ba ta wuce wat 15 zuwa 30, ba ta kuma buƙatar inbata. A gareji ta tsaye ta fi amfani, saboda ana iya jan ta zuwa inda ake aiki, a kuma juya ta ta riƙa kora hayaƙi waje. In zafi ya yi tsanani, a jiƙa riga ko rawani kafin a tsaya gabanta.

Wani abin da baƙo daga Kano ko Maraɗi zai lura da shi a gidajen Sudan shi ne akwatin ƙarfen nan da ke maƙale a taga, wanda suke kira mukayyif moya, wato na'urar sanyi ta ruwa. Dabararta ita ce ta randa. Ƙaramin famfo yana jiƙa wani ƙunshin zare ko ɓawon itace, fanka ta jawo iskar waje ta cikinsa, ruwan ya bushe ya tafi da zafin. A busasshiyar iskar Afrilu tana iya rage zafi da digiri 10 zuwa 15, kuma wutar da take ci ba ta wuce wat 150 zuwa 300 ba. Abin da ya sa ta dace da gareji shi ne ba ta son a rufe ɗaki, dole sai an bar wa iska hanyar fita, don haka kullum sabuwar iska ke shigowa. Aibinta biyu ne: tana shan ruwa, kuma daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da damina ta cika iska da laima, kusan ba ta da wani amfani, sai ma ta sa kayan aiki tsatsa. Na kan yi mamakin yadda wannan na'ura ba ta samu karɓuwa sosai a Sakkwato da Birnin Ƙonni ba, alhali bazararsu ba ta da wani bambanci da ta Jazira.

Iyakwandishan ita ce ta ƙarshe, kuma ga yawancin garejin gida ba ta da gurbi. Mai doki ɗaya da rabi tana cin wat 1,200 ko fiye, ba ta kuma aiki sai an rufe ƙofa da taga. Rufaffen ɗaki da injin mota a kunne kuwa kisa ne, domin hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kayar da mutum kafin ya gane abin da ke faruwa. Haka hayaƙin janareto yake, ballantana a garejin da bango ɗaya ne ya raba shi da ɗakin da yara ke kwana. Inda iyakwandishan ke da hujja shi ne ɗan ƙaramin ɗakin da aka keɓe wa gyaran famfon dizal da nozul, ko kayan kwamfutar mota, domin waɗannan ba sa jure ƙura, Jazira kuwa ƙasar guguwar habub ce.

Yanzu bari mu yi lissafi, tunda da 'yan kasuwa muke magana. Fitilu shida masu wat 15 na awa biyar sun ci wat-awa 450. Fanka biyu masu wat 30 na awa takwas sun ci 480. Na'urar ruwa mai wat 200 na awa biyar ta ci 1,000. Jimla bai kai 2,000 ba a yini. Allon sola ɗaya mai wat 550 yana iya kawo kusan wannan adadi a ranar Jazira, batir mai amfiya 200 kuma ya riƙe na dare. Iyakwandishan ita kaɗai a awa shida za ta ci fiye da 7,000, wato alluna huɗu da babbar inbata. Injin walda da kwamfureso ba sa cikin wannan lissafi, su sai janareto ko wutar gari idan ta samu.

Akwai abubuwa biyu da mai sayar da kayan sola ya kamata ya faɗa wa mai saye tun kafin a ƙulla ciniki. Ƙarfin da aka rubuta a bayan allo an auna shi ne a digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari, don haka allon da ya yi zafin digiri 65 a kan kwano ya yi asarar wajen kashi 15, ban da abin da ƙura za ta ci in ba a goge shi. Batir mai ruwa kuma rayuwarsa tana raguwa da rabi a duk ƙarin digiri 10, haka nan in ana zuƙe shi fiye da rabi. Wurinsa ƙasa ne a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da walda, domin yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Wanda ya ɓoye wannan bayani, bayan shekara guda za a dawo masa da mataccen batir a ce jabu ya sayar. Jabun ma akwai shi, allunan da aka manna wa takardar wat ɗin da ba su kai ba, kuma araha ba ta ado. Ɗan kasuwar da ke yawo da mitar gwaji a aljihu, ya auna allo a rana a gaban mai saye, shi kanikawa za su riƙa nuna wa junansu.

Game da hanya, tsohuwar hanyar alhazai da ta bi ta Abeshe da Adare a Chadi ta shiga Darfur ba ta biyuwa zuwa Jazira kamar da: Al-Junaina ta faɗa hannun RSF tun 2023, Al-Fashir kuma a Oktoban 2025. Kayan da ke isa Wad Madani da Sinnar sun fi biyowa ta gabas, daga Fot Sudan ta Kasala da Gadarif, ko ta kan iyakar Habasha a Gallabat da Matama. Tafiya ce mai nisa a kan titin da ya sha wuya, allon sola kuwa gilashi ne. A tsaye ake jera shi a mota, da kwali a tsakanin kowane biyu, ba a kwantar da shi a ɗora masa buhu. Wanda ke son kayansa su riski lokacin gyaran taraktoci, ya tabbata sun sauka kafin ƙarshen Maris.