3.4 Makamashin Turakun Sadarwa da Kiyaye Muhalli a Yankin Garbadu

Idan aka ce turken sadarwa, ana nufin dogon ƙarfen nan da kamfanonin waya ke kafawa, wanda jama'a suka fi sani da ƙarfen sabis. A wannan sashe za a dubi abin da turken yake ci na makamashi, da illar hakan ga muhalli, da hanyoyin rage illar a Garbadu da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a shekarar 2001, bayan Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, ta yi gwanjon lasisi a farkon wannan shekara. Tun daga lokacin babbar matsalar kamfanonin ita ce wutar lantarki. Turke yana buƙatar wuta dare da rana, domin na'urorin aika saƙo da na sanyaya su ba sa hutawa. Wutar da kamfanin Kaduna Electric ke rarrabawa a Jihar Zamfara kuwa ba ta tsayawa, wasu ƙauyukan ma ba ta kai gare su ba. Wannan ya sa janareta mai shan man gas ya zama ginshiƙin aikin turke a karkara.

Illar janareta iri uku ce. Ta farko, hayaƙin da yake fitarwa yana gurɓata iska, yana kuma ƙara ɗumamar yanayi. Ta biyu, ƙararsa tana damun gidajen da ke maƙwabtaka da turken. Ta uku, baƙin mai da ke tsiyaya yana shiga ƙasa, wanda hakan abin kula ne a yankin da noman rani ya dogara da ruwan madatsar Bakolori. Bugu da ƙari, dole ne a riƙa kai mai da mota, ga kuma rashin tsaro a hanyoyi. Ranar da mai ya yanke, sabis ya ɗauke ke nan. Mutanen Zamfara sun san zafin rashin sabis, domin a watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar saboda matsalar tsaro, abin da ya taɓa kasuwanci da tura kuɗi da zumunci.

Hanyar farko ta tsimin makamashi ita ce tarayya a turke guda. Da can kowane kamfani nasa yake kafawa. A shekarar 2014 MTN ya ƙulla yarjejeniyar miƙa turakunsa ga IHS, Airtel kuma ya amince da sayar da nasa ga American Tower. Ta haka kamfanoni biyu ko uku kan rataya na'urorinsu a ƙarfe ɗaya, janareta ɗaya ya wadace su.

Hanya ta biyu ita ce haɗa hasken rana da batura. Faifan sola yana ba da wuta da rana tare da cika batura, su kuma su riƙe turken da dare, sai janareta ya zama na ko-ta-kwana. Wannan ya dace da Zamfara inda rana take da yawa, sai dai ƙurar hunturu kan rufe faifan, dole a riƙa goge shi.

Amma fa batura ma suna da tasu matsalar. Yawancin tsofaffin batura da dalma aka yi su, idan aka fasa su a bola sai gubar ta shiga ƙasa. Duk da cewa daga haƙar zinariya gubar dalmar 2010 ta samo asali, mutuwar ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum ta isa darasi. Saboda haka wajibi ne kamfanoni su kwashe baturan da suka mutu zuwa inda ake sarrafa su bisa ƙa'ida.

A taƙaice, rage dogaro da man gas yana kare ƙasar noma, yana kuma sa sabis ya ɗore a Garbadu ko da motar mai ba ta iso ba.