GANYEN MIYARKA, DA WANE RUWA AKA YI MASA BAN-RUWA?



Maigida, a Suratul Baƙara aya ta 168 Allah Ya haɗa mana sharaɗi biyu a kan abinci: ya zama halal, ya kuma zama mai kyau. Alayyafo halal ne, ba gardama. To amma daga ina ya fito?

Da rani, wasu lambuna na gefen Kogin Kaduna da ruwan magudanar Kakuri da Makera ake yi musu ban-ruwa. Magudanar nan ta daɗe tana kwasar dattin masana'antu, tun zamanin da masaƙu ke aiki, ga na gidaje da na garejin makanikai. Irin wannan ruwa kan ɗauko dalma da danginta, su zauna a ƙasa shekara da shekaru, ganye ya zuƙe su ta saiwa. Wanki da gishiri yana rage ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsa, amma wallahi ba ya fitar da abin da ya shige cikin ganyen. Kuma dalma ƙwaƙwalwar yara ta fi yi wa illa, sannu a hankali, ba zazzaɓi ba amai.

Ban ce a ƙaurace wa manoma ba, su ma halaliyarsu suke nema. Ka dai tambayi mai kayan miyarka: daga wane lambu? Ruwan rijiya ne ko na kwata? In masu saye suka yawaita tambaya, manomi zai haƙa rijiya.

Sannan ka samu tsohon buhu, ka cika da ƙasa mai tsabta da takin dabbobi, ka shuka alayyafo a tsakar gida. Cikin wata ɗaya uwargida za ta fara tsinka. Zogale kuwa reshe kawai za ka kafa jikin katanga.

Allah Ya tsare mana iyali. A tura wa 'yan'uwa.