Mai Ɗaukar Hoto da Shamuwa

Manoman Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun san shamuwa sarai. Sa'ad da zafin bazara ya kai matuƙa, wajen watan Afrilu ko Mayu, sai a wayi gari a gan ta bisa kuka ko tsamiyar tsakiyar gari tana tara kirare, baƙa mai farin ciki. Daga kudancin Afirka da gabashinta take tasowa, ta yi sheƙa a wurinmu, ta ciyar da 'ya'yanta da fara, ta koma bayan damina. Annabi Irmiya, cikin sura 8 aya 7, ya kawo misalin tsuntsaye masu ƙaura irinta domin ya kunyata mutanen da suka kasa gane dokokin Ubangiji. Wanda yake so ya ɗauki hotonta kuwa, dole ya koyi sanin lokaci kamar yadda ta sani.

A dā, fim ɗin da ake sa wa kyamara hoto 12 ko 24 ko 36 kaɗai yake ɗauka, sai kuma a jira a wanke shi kafin a ga abin da ya fito. Saboda haka kowa yakan yi tunani kafin ya danna. Kafin wannan ma, hoto mafi tsufa da ya rage a duniya, wanda wani mutumin Faransa mai suna Niépce ya ɗauka wajen 1826, sai da haske ya yi aƙalla sa'a 8 yana shiga akwatinsa. Yau kusan kowane gida da waya mai kyamara. Yaro yakan ɗauki hoto hamsin kafin ka ƙifta ido, amma da wuya ka sami ɗaya da ya isa a rataya a bango, gama garaje ya yi yawa.

Abu na fari shi ne haske. Da hantsi ko bayan la'asar rana tana kwance, haskenta mai taushi ne. Da tsakar rana inuwa takan cika kwarmin ido, fuska ta yi duhu. Bari rana ta kasance a bayanka ko a gefenka. Lokacin hunturu hazo yakan tausasa haske, amma ka riƙa share ƙura daga gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi.

Na biyu, ka duba kafin ka ɗauka. Zauna nesa kaɗan da itacen, ka jingina da bango, ka riƙe wayar da hannu biyu. In ka yi kwana biyu ko uku kana lura, za ka gane ta inda uwa da uba suke sauka da abinci. Daidai sa'ad da ta buɗe fikafikai, ta miƙo ƙafafu za ta sauka, nan hoton yake. Haka balbela take a bayan shanu a bakin gulbin Gagare, haka kuma ƙadangare mai jan kai bisa katanga. Kada a jefi tsuntsu domin ya tashi, kada kuma yara su hau itace su taɓa sheƙa. Halittar Allah ce, mu masu riƙon amana ne.

Ya ku iyaye, ku ja kunnen samari kada su shiga daji neman hoto. 'Yan bindiga sun yi shekaru suna ta'adi a dazuzzukan Zamfara, ƙauyuka da dama a ƙasar Zurmi da Shinkafi sun watse. Abin ɗauka yana nan cikin gari: kurciya a bakin rijiya, kaza da 'yan tsakinta, mata suna sussuka.

Mutane ma sai da haƙuri. Ko a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko a ƙofar majami'a ran Lahadi, ka fara gaisuwa, ka nemi izini, musamman ga matan aure da dattawa. Wanda ya ƙi, ka gode masa ka wuce. Wanda ya yarda, kada ka yi sauri. Da fari zai sandare kamar soja. Ci gaba da taɗi har ya manta da kai, fuskarsa ta ainihi za ta fito.

Amma haƙuri dabam, sakaci dabam. Shamuwa za ta dawo baɗi in Allah ya yarda, kakar yaranku kuwa ba wanda ya san ko za ta ga wata damina. Kada ku ce sai Kirsimati. Ku zaunar da ita a inuwa da maraicen nan tare da jikokinta, ku jira har ta yi dariya. Sa'an nan ku kai a buga hoton a takarda, ku rubuta suna da shekara a bayansa, ku aika wa ɗan'uwa na wani gari da guda ɗaya, domin waya takan ɓace ko ta lalace.