Tsakanin Almakashi Da Tambarin Shekaru: Wa Ke Tace Wa Yaron Turba Fim?

Duk wanda ya san garuruwan gabashin Sakkwato, tun daga Isa har Sabon Birni da ƙauyukan da ke tsakaninsu irin su Turba, ya san cewa rumfar mai cajin waya ita ce silimar wannan zamani. A nan ne yaro ɗan shekara tara zai miƙa ɗan memorinsa, ko wayar mahaifiyarsa da aka aiko shi ya kawo caji, ya ce a zuba masa fim. Mai rumfa ba ya tambayarsa shekarunsa, kuma a gaskiya babu wanda ya taɓa gaya masa cewa ya kamata ya tambaya. Abin da ke cikin kwamfutarsa shi zai kwarara masa: na Hausa, da na Indiya mai fassara, da na yaƙi, da wanda ko shi kansa bai taɓa buɗewa ba. Da dare kuwa yara biyar ko shida za su haɗa kai a kan waya ɗaya, babba na ƙofar gida yana sauraron rediyo, hankalinsa kwance tunda yara ba su fita ba.

Na kawo wannan ne domin yawancin muhawarar da ake yi kan fim a Arewa, a Kano ake yin ta, kuma da ma'aunin Kano, alhali mai kallon yana Turba, yana Gatawa, yana ƙetaren iyaka a Maraɗi. Kuma muhawarar, tun da aka fara ta, a kan tambaya ɗaya take juyawa: a bari ko a hana? Ba kasafai ake jin wanda ya yi tambaya ta biyu ba, wato a bar wa wa?

Sanin kowa ne cewa a hukumance Nijeriya tana da tsarin rarrabe fina-finai bisa shekaru. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, NFVCB, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 85 ta shekarar 1993, tana da tambura bakwai: G na kowa da kowa, PG mai buƙatar kulawar iyaye, sai 12 da 12A da 15 da 18, da kuma RE na fim ɗin da aka taƙaita wuraren nuna shi. A kan takarda babu laifi. To amma mai karatu ya dubi tamburan da kyau. Haruffan boko ne, taƙaitattun kalmomin Turanci ne, an kuma ɗauko yawancinsu kusan kai tsaye daga tsarin Ingila, inda aka ƙirƙiro 12A a 2002 domin a bai wa yaron da bai kai sha biyu ba damar shiga silima in yana tare da babba. Tsari ne da aka gina shi a kan ƙofa, da tikiti, da mai tsaron ƙofa. Ina ƙofar take a Turba? Ko a zamanin faifai, da tambarin ke bayan kwali, uwa nawa ce ta san bambancin 12 da 12A? Yanzu kuwa kwalin ma ya ɓace, fim ya zama suna kawai a cikin jerin sunaye.

A ɗaya ɓangaren akwai hanyar da mu muka zaɓa wa kanmu. Da Zamfara ta fara aiki da Shari'a a Janairun 2000, gidajen silima na cikin abubuwan da aka fara rufewa. Kano ta dakatar da harkar fim a ƙarshen wannan shekarar, sannan a 2001 ta kafa hukumarta ta tace fina-finai da ɗab'i, abin da tsarin mulkin 1999 ya halatta, tunda ya sanya tace fim cikin ayyukan da tarayya da jihohi suka yi tarayya a kansu. Bayan abin kunyar nan na bidiyon waya a 2007, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci hukumar, aka shiga zamanin da 'yan fim ba za su manta ba: Adam A. Zango ya yi zaman kurkuku a 2007 kan faifan waƙoƙinsa na Bahaushiya, Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ya bi sahu a ƙarshen 2008 a shari'ar da ta shafi fim ɗinsa Tsintsiya. Ko a watan Mayun 2025, hukumar a ƙarƙashin Abba El-Mustapha ta ba da sanarwar dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ba a kai mata su ta tace ba kafin a sake su.

Ba na cikin masu cewa wannan aiki duk banza ne. Al'umma tana da haƙƙin ta ce ga iyakarta, kuma masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990 ta sha yin ganganci da ya jawo mata. Amma almakashi yana da aibi guda wanda ba ya rabuwa da shi: mai kallo ɗaya tak ya sani. Idan hukuma ta sa hannu, to fim ya halatta ga ɗan shekara shida da ɗan shekara sittin baki ɗaya. Idan ta ƙi, ya haramta gare su baki ɗaya. Daga nan ɓarna biyu ke fitowa. Ta farko, marubucin da ke son ya taɓo magana mai nauyi, kamar fyaɗe, ko yoyon fitsari, ko shaye-shaye a ɗakunan matan aure, ko yadda ake sayen yaro da babur da bindiga ya shiga daji, dole ya tauna maganar har ta zama ruwa, don ya san yara za su gani. Ta biyu kuma, wadda ta fi damuna, ita ce idonmu ya fi kaifi a kan rawa da matsattsun kaya fiye da kan jini. Za a yi ta ce-ce-ku-ce kan namiji ya taɓa hannun mace, kamar yadda aka yi a 2016 har ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau, amma fim ɗin daba da ake sara da yanka a cikinsa sai ya wuce salin-alin, iyaye kuma su saki jiki tunda an ce an tace.

A wani wuri wannan zai iya zama zancen masana. A ƙasar Gobir ba haka ba ne. Yaran Isa da Sabon Birni sun tashi cikin shekarun da ƙarar bindiga ta zama abin da ake kwana da shi. A Disambar 2021 aka tare motar matafiya a wannan yanki aka ƙone ta da mutane a ciki. Dubban iyalai sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019. Yaron da ya ga an kore shanun gidansu, ko ya kwana a jeji a bayan uwarsa, ba daidai yake da yaron Nasarawa a Kano ba idan aka nuna musu mutum yana harbi yana dariya. Wani zai firgita ya kasa barci. Wani kuma, wanda ya fi ban tsoro, zai ga cewa mai bindigar ne kaɗai ake jin maganarsa. Ba ina cewa fim ne ya haifi ta'addanci ba. Talauci da zalunci da sakacin hukuma sun riga shi. Cewa nake yi mai ciwo a ƙafa ba a taka shi, ko da wasa.

Kada kuma a ce ai sai da intanet. Lokacin da gwamnatin Sakkwato ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 a Satumbar 2021, kira ya tsaya, amma kallo bai tsaya ba, domin fim daga hannu zuwa hannu yake tafiya.

To mene ne gyara? Abu na farko shi ne mu daina ɗaukar rarrabe shekaru a matsayin baƙon abu. Addininmu ya riga kowa. An umarce mu da mu sa yaro salla yana da shekara bakwai, a raba musu shimfiɗa suna da goma. Suratun Nur ta bambanta hukuncin neman izinin shiga ɗaki tsakanin yaron da bai balaga ba da wanda ya balaga. Malaman Malikiyya, a mashhurin zance, sun ɗauki shekara goma sha takwas a matsayin iyakar balaga ga wanda alamominta ba su bayyana gare shi ba. Bahaushe ma ya san akwai zancen da in an fara shi sai a aiki yaro sayen goro. Ashe kuwa matakan suna hannunmu: na kowa, na wanda ya kai bakwai, na wanda ya wuce goma, da na baligi. Uwa a Turba ba ta buƙatar a yi mata lacca kafin ta gane waɗannan, don da su take renon 'ya'yanta.

Ba kuma mu ne za mu fara gyara ma'auni ba. Amurka ta fara tsarinta a 1968, amma da iyaye suka yi kuka kan wasu fina-finai biyu da aka ce sun dace da yara alhali suna da ban tsoro, sai ta ƙara matakin PG-13 a 1984. Indiya, wadda muka fi kowa shan fina-finanta, ta gyara dokarta a 2023, ta raba matakin kulawar iyaye gida uku: shekara bakwai, sha uku da sha shida. Saudiyya da ta sake buɗe gidajen silima a 2018 ta haɗa biyun, tana yankewa, tana kuma sa tambarin shekaru. Wanda ya fi burge ni shi ne na ƙasar Holan, da aka fara a 2001, inda ban da lambar shekaru ake sa ɗan zane mai nuna dalili: dunƙulallen hannu alamar duka da faɗa, gizo-gizo alamar abin tsoro. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai karanta wannan.

Mu namu ya kamata ya wuce zane, ya zama magana. A wajabta wa kowane mai shirya fim, da kowane mai fassara na Indiya ko na Turkiyya, ya sa murya a farkon fim da Hausa ƙarara, ta ce wannan fim na manya ne, akwai zubar da jini a cikinsa, a kuma bar tambarin a kusurwar hoto daga farko har ƙarshe, yadda ko an yanko guntunsa an watsa a TikTok zai tafi da shaidarsa. A sa matakin a cikin sunan fim ɗin, domin mai rumfa ya iya ware na yara a wuri guda. Su kuwa masu tura fina-finai, yawancinsu suna da ƙungiyoyi da shugabanni a kasuwanni, kuma a ganina zama da su, tare da hakimai da limamai, zai fi kame da ƙwace kwamfuta amfani. Wanda ka mayar ɓarawo ba zai yi maka gadi ba.

Na san abin da wasu malamai za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi: tambarin manya zai zama lasisin batsa, kowa ya yi abin da ya ga dama ya fake da cewa ai ya rubuta. Amsa ita ce rarrabewa ba ta soke haramci. Abin da ya haramta ga baligi ya haramta, almakashi na nan a kansa. Tambarin yana aiki ne a cikin da'irar halal, inda abu ya dace da uba amma bai dace da ɗansa ba. Akwai kuma masu cewa tambarin talla ne, yaro na ganin an ce ba nasa ba ne zai fi nacewa. Wannan gaskiya ne ga ɗan sha biyar, ban kuma san dabarar da za ta hana shi ba. Amma ɗan shekara bakwai ba shi ke zaɓe ba, abin da aka zuba masa yake kallo, kuma shi ne tsarin zai fi ceta.

'Yan fim su ma suna da nasu tsoron, cewa wata sabuwar ƙofar karɓar kuɗi ce. Hakan zai faru in aka bar kowace jiha ta ƙirƙiro nata tambarin da nata rasit. Fim ɗin da aka yi a Kano, aka fassara a wani gari, aka kalla a Isa da Madarunfa, ba ya sanin iyakar jiha, balle ta ƙasa. Abin da ya dace shi ne hukumar Kano, wadda yawancin fina-finan Hausa ke bi ta hannunta, ta zauna da hukumar tarayya da MOPPAN su amince da ma'auni ɗaya na Hausa, a buga ƙa'idojinsa kowa ya gani, mai fim ya cike takarda ya faɗi matakin da yake ganin fim ɗinsa ya dace da shi kamar yadda ake yi a Holan, hukuma ta duba, wanda ya yi ƙarya a ci shi tara. A cikin masu dubawar kuma a sa mata, musamman malaman firamare da ma'aikatan jinya, a kuma nemo wasu daga yankunan da rikici ya taɓa, domin su suka san abin da ke tayar da yaro tsakar dare.

Jihar Sakkwato ba sai ta jira Kano ba kafin ta yi nata ɓangaren. Ma'aikatar yaɗa labarai da gidan rediyon Rima za su iya fara bayyana wa iyaye matakan nan da harshen da suke ji, majalisun sarakuna kuma su kira shugabannin masu caji da tura fim na Isa da Sabon Birni a ranar kasuwa, a fara da abu mafi sauƙi: kowace rumfa ta ware wa yara jakarsu daban a cikin kwamfuta, kuma in yaro ya zo shi kaɗai, daga cikinta za a zuba masa.