Yadda bayanan da ake cikewa a salula ke isa babban birni

Da yawanku kun sha ganin ma'aikaci ya shigo gari da salula yana tambaya: sunan mai gida, yawan yara, nawa ake sayar da tiyar hatsi. Ya latsa, ya yi sallama, ya tafi. To, ina waɗannan amsoshi ke zuwa?

Suna zuwa wata babbar kwamfuta ce mai ajiya. Ƙungiyoyin agaji da dama na aiki da KoboToolbox, ma'aikatar lafiya ta Nijar kuma na tattara alƙaluman gidajen likita a DHIS2, wanda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da shi. Kowace irin wannan kwamfuta tana da ƙofar karɓar saƙo da masana ke kira API. Maimakon mutum ya zauna yana shigar da fom ɗaya bayan ɗaya, sai a rubuta ɗan gajeren shiri, sau da yawa da harshen kwamfuta na Python, shi ya kwashi fom ɗari ko dubu ya miƙa su ta wannan ƙofa.

Fom ɗin kansa ba wani abu ba ne illa suna da amsa: gari, Tasawa, kaya, hatsi, kuɗi, kaza. Shirin yana ɗaure su wuri guda ya aika ta hanyar da ake kira POST, wato bayanan na tafiya cikin cikin saƙo, ba a jikin adireshi ba. A saman saƙon yana faɗin irin ɗaurin da ya yi. Rubutu zalla na da nasa, in da hoto a ciki akwai wani daban, wasu ƙofofin kuma tsarin JSON kaɗai suke karɓa. Yana kuma nuna mabuɗin sirri da aka ba shi, don ba kowa ake buɗe wa ba. In adireshin ya fara da https, saƙon a rufe yake tafiya, mai leƙe a hanya ba zai iya karanta shi ba.

Ga inda gizo ke saƙar: aikawa daban, isa daban. Duk saƙon da ya isa, kwamfutar tana maido da lamba. 200 ko 201, an karɓa. 400, akwai kuskure a fom ɗin, misali an bar gurbin dole babu komai. 401, mabuɗin bai yi ba. 404, adireshin ba daidai ba ne. 500, matsalar daga can take. Shirin da ba ya duba wannan lamba kamar wanda ya ba direba saƙo a tasha ne bai kira ya ji ko ya isa ba. Haka fom ɗin gari guda kan iya salwanta, a zo lissafi a birni babu sunansa.

Akwai kuma matsalar rezo. In ya yanke kafin amsa ta dawo, shirin na iya sake aikawa, a ƙirga gida ɗaya sau biyu. Maganinsa shi ne kowane fom ya samu lambarsa ta kansa, yadda kwamfutar za ta gane wanda ya riga ya shigo. Haruffanmu masu lanƙwasa ma, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai da tsarin UTF-8 suke isa lafiya. In ba haka ba, sunan mutum ko na gari ya fito a hargitse.

Saboda haka in mai tambaya ya zo, ku faɗi sunanku da na garinku daidai, ku nemi ya karanta muku abin da ya rubuta. Ku tambaye shi wa ya aiko shi, kuma ko fom ɗin ya tafi ko yana ajiye a salula yana jiran rezo. Matasanmu masu koyon wannan aiki kuwa, ku gwada da fom ɗaya tukuna, ku ga lambar da ta dawo, sannan ku saki sauran.